Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Abin da Baffa Ya Kira Ƙaddara

Assalamu alaikum. Makon jiya na yi alkawarin kawo muku shekarun da na yi ina koyon ɗinki a Garwa, amma zan tsallake su, babu komai a cikinsu sai keke da zare. Maganar Baffa ce ta hana ni barci, gara in sauke ta tun ina da rai.

Mutanen garinmu Marwa, a arewacin Kamaru, ba sa bukatar a tuna musu ranar Laraba, 22 ga Yuli, 2015. Ko kayan ƙaramar salla ba a gama ninkewa ba, yara mata biyu suka shigo gari da bam ɗaure a jikinsu, ɗaya ta tashi a babbar kasuwa, ɗaya a unguwarmu ta Barmare. Mutum fiye da goma suka rasu, Yaya yana cikinsu. Ranar Asabar aka sake tayar da wani a unguwar Pont Vert. Kafin nan muna jin labarin garin Fotokol, inda a watan Fabrairu aka kashe mutane har cikin masallaci, muna cewa Allah Ya kyauta, muna ganin abin na bakin iyaka ne.

A zaman makoki Baffa ne kan gaba, da carbinsa, duk wanda ya shigo sai ya ce masa ƙaddara ce, bawa ba ya wuce ƙaddararsa. Gaskiya ya faɗa, kuma a ranar ta sanyaya mini zuciya. Amma ba a yi sadakar arba'in ba sai ga mabuɗin shagon Yaya a aljihunsa, wai zai riƙe wa marayu. Shagon nan na san shi ciki da bai, atamfa da shadda har rufi. Da Anti, matar Yaya, ta fita takaba ta nemi abin ciyar da yara, sai ya ce kasuwa ta karye, kaya sun tafi a bashi, ta rungumi ƙaddara. Kasuwa kam ta karye, ban musa ba. Tun da garin Banki na bakin iyakar Najeriya ya faɗa hannun Boko Haram a 2014 hanyar Amchide, garin da ke maƙwabtaka da shi ta ɓangaren Kamaru, ta mutu, kayan Najeriya suka yi wuya, har man fetur na fasa-ƙwauri da muke kira zuwa-zuwa ya yi tsada. To amma a wannan karyewar ne Baffa ya ƙara aure ya sake rufin gidansa. Anti kuwa ta kwashi yara huɗu ta koma gidan iyayenta.

Inna, Allah Ya jiƙanta, tana da magana guda: ba a wanke hannun ɓarawo da ruwan ƙaddara. Na fara jin ta a bakinta lokacin yunwar 1985, ina ɗan yaro. Matar da ta binne 'ya'ya biyu saboda ƙyanda ba ta taɓa cewa don me ba, sai dai Mai abu Ya karɓi abinsa. Amma da wani mai hatsi a unguwa ya kulle gero a ɗaki yana jiran ya ƙara tsada, yana ce wa mata fari daga Allah ne, sai ta tsaya a ƙofarsa ta ce: “Alhaji, rashin ruwa daga Allah ne, kwaɗon da ke ƙofar nan fa, wa ya sa shi?” Da tana raye a 2015, wallahi da mabuɗin nan bai kwana a aljihun Baffa ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne babban ɗan Yaya, yana shekara 11 a lokacin. Wani dare ya ce da ni: “Baba Ƙarami, lokacin da abin ya tashi Allah Yana gani?” Na ce Yana gani. Ya ce: “To me ya sa bai hana ba?” Baffa yana kusa, ya daka masa tsawa, wai wannan kalmar kafirci ce, ya yi istigfari. Ka cinye gadon yaro, sannan ka hana shi tambaya! Har yau in na tuna sai jikina ya ɗau zafi.

Washegari na kama hannunsa muka je wurin Malam, wanda ya karantar da mu Risala a zaure, ni da Yaya. A wurinsa muka haddace imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, zaƙinta da ɗacinta. Malam bai tsawata wa yaron ba. Ya ce: “Ɗana, ubanka ajalinsa ne ya zo, wannan sai haƙuri, kuma kuka ba laifi ba ne, Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Amma wanda ya ɗaura wa yarinya bam, da hannunsa ya ɗaura, da zaɓinsa. Allah Ya ba ɗan Adam zaɓi, shi ya sa akwai hisabi.” Sai ya karanta ayar Suratut Takwir, inda za a tambayi yarinyar da aka binne da rai da wane laifi aka kashe ta. Ya ce har yaran nan biyu da aka turo, za a yi tambaya a kansu. Sannan ya juyo gare ni ya ce malamai sun faɗa, ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Na ce a raina, ai maganar Inna ce, ita da ba ta taɓa buɗe Risala ba.

Ba zan ce ciwon ya tafi ba. Akwai daren da nake tunanin yaran nan biyu, wa ya haife su, wa ya yi musu kitso na ƙarshe, sai in ji ƙirjina ya cika. Annabi Musa ma bai iya haƙuri da abin da ya gani a tafiyarsa da Halliru ba, balle ni tela. Wani abokina da ya yi boko mai zurfi a Yawunde ya taɓa ce mini irin wannan ta'asa ita ce shaidar babu mai kula da duniya. Na ce masa in haka ne, to wanda ya ɗaura bam ya ci bulus, Baffa ma ya ci bulus, jinin Yaya ya tafi ke nan babu mai tambaya. Ni muguntar da na gani ita ta ƙara ɗaure ni ga Allah, domin a Marwa babu alƙalin da zai iya biyan marayun nan ubansu.

Shi kuwa Baffa ya san ayar Suratun Nisa'i a kan masu cin dukiyar marayu, cewa wuta suke zubawa a cikinsu. Ya sha jin ta a tafsirin azumi, yana sahun gaba. Na taɓa faɗa masa maganar Inna a gaban dangi, ranar sunan ɗan autansa, ya ce ba ni da kunya. Muka daina gaisawa.

Da azumin bana ya kwanta ciwo, ya aiko a ce in zo mu yafi juna. Na je, domin ƙanin mahaifina ne, na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ce: “Ɗana, abin da ya wuce ƙaddara ce.” Na ce: “Baffa, tsawar da ka yi mini da zagin, na yafe. Shago kuwa ba nawa ba ne, mai shi ya girma, yana nan da littafin kayan ubansa, sai a kira shi.” An kira shi. Yadda zaman ya kasance, da abin da Goggo ta fito da shi daga ƙasan adakarta, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.