Kayan da Hannu Biyu Za Su Ɗauka

Kafin in bar Damagaram ban taɓa taka jirgin ƙasa ba. A Nijar ina za ka same shi? Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, wanda aka yi bikinsa a 2016, har na bar ƙasar ban haɗu da wanda ya ce ya yi tafiya a kansa ba. Abin da na sani tashar mota ce: ka iso da asuba, yaran mota su tarbe ka, ɗan dako ya sungumi buhunka, a rubuta sunanka a jiki, a cusa a gindin bas. Kai naka zama da addu'a har ku cinye kusan kilomita 900 zuwa Yamai. Da wannan ilimi na sauka filin jirgin saman Charles de Gaulle na Paris a watan Oktoban 2022, ɗauke da akwatuna biyu masu kilo 23 kowanne, da jakar goyo, da wata Ghana Must Go da Inna ta danƙara wa kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa, wadda sai da na biya mata kuɗin ƙari.

Kawuna da ke Brussels shi ya yankar mini tikitin TGV, jirgin ƙasa mai tsananin gudu na Faransa, domin tashar tana cikin filin jirgin, kuma akwai mai zuwa Beljiyam kai tsaye, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Ya kira ni ina kan dandamali.

"Ɗana, ka bar maganar lambar kujera tukuna. Lambar tarago ita ce magana. Ka gan ta?"

Na ce, "To, Kawu." Irin "to" ɗin da yaro kan ce wa babba ko bai gane ba.

Jirgi ya shigo, dogo kamar ba zai ƙare ba. Na waiga neman mai taimako, babu. Kowa ya ja akwatinsa ya shige. Na nufi ƙofar da ke gabana, na yi sahu uku kafin kayan su shiga, ƙofa ta rufe da ƙyar bayan Ghana Must Go. A raina na ce ai sai in bi ta ciki in nemi wurina. Ashe jirage biyu ne aka haɗa hanci da hanci, kowanne kusan mita 200, na farko taragu 1 zuwa 8, na biyu 11 zuwa 18, kuma babu hanyar ƙetarawa daga wannan zuwa wancan. Tikitina na tarago 16 ne, ni kuwa ina cikin na 3. Mai duba tikiti ya kalle ni, ya kalli kayan, ya ce in gode Allah yau duka biyun Brussels suka nufa, don akan raba su a hanya, kowanne ya kama gabansa. Haka na shiga Beljiyam a zaune kan 'yar kujerar nan mai naɗewa ta bakin ƙofa, jirgi na gudun kilomita 300 a awa, ƙamshin daddawa na bin duk wanda ya zo wucewa bayi.

Daga baya Kawu ya nuna mini abin da ya so faɗa. A kan dandamali akwai allo mai hoton jirgin, da haruffa rataye a sama, A, B, C har gaba. Ka duba taragonka yana daidai wane harafi, ka je can ka tsaya tun jirgin bai iso ba. Abu mai sauƙi, amma babu mai gaya maka, don a wurinsu kamar a koya wa mutum cin tuwo ne.

Maganar kaya ita ta fi ɗaukata lokaci kafin in yarda. Jirgin sama kilo yake aunawa, jirgin ƙasa kuwa ƙarfinka. A Eurostar, jirgin ƙasan da ke zuwa Landan, an yarda da manyan kaya biyu da ƙaramar jaka, ba a ƙayyade nauyi ba, sharaɗin kawai ka iya ɗaukar abinka da kanka. A TGV ma manya biyu ne da ƙarama, kowanne da takardar suna a jiki, kuma tun Satumban 2024 wanda ya wuce ƙa'ida tarar Yuro 50 ce. Kantar manyan akwatuna tana bakin ƙofa, nan da nan take cika. Wanda ya shigo a ƙarshe shi zai yi ta jan kaya tsakanin kujeru yana ba da haƙuri. Mu kuwa ba ma tafiya da kayanmu kaɗai. Da an ji za ka wani gari, saƙo ya fara isowa: wannan atamfa ce a kai wa ƙanwarta, wannan turare, wannan garin kunu. Ka ce ba za ka ɗauka ba, a ce Turai ta canza ka. Ka ɗauka, kai kaɗai za ka sha a kan matakala. Mafi munin su a wurina Paris ce, inda mai zuwa kudu daga Brussels sau da yawa sai ya sauka a tashar Gare du Nord ya gangara ƙarƙashin ƙasa ya hau jirgin cikin gari na RER D, tasha biyu zuwa tashar Gare de Lyon, yana turereniya da masu zuwa aiki a ƙofofin tikiti da ba a yi su don buhu ba.

Canjin jirgi na koye shi ne a hanyar Hamburg ta Jamus, da aka yi wa wani ɗan garinmu haihuwa muka tafi suna. Daga Brussels zuwa Kolon ƙasa da awa biyu, sannan a canza, kamar awa huɗu zuwa Hamburg. Don neman araha na yanki tikiti biyu daban daban, na bar minti 12 a tsakani. Kawu ya sayi nasa guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, na ma yi masa dariya a ɓoye don ya fi ni biya. Jirgin farko ya makara. Muka iso Kolon namu ya tafi. Shi aka ce ya hau na gaba ba tare da ƙarin ko sisi ba, ni kuwa tikitina mai araha na jirgin da ya wuce ne kaɗai, sai na sake saye a farashin ranar. Dokar Tarayyar Turai ma a kan tikitin take tafiya: makarar awa ɗaya a mayar maka kashi 25 cikin 100, awa biyu rabi, amma tikiti biyu tafiya biyu ce a idonsu. Kawu bai ce komai ba har muka zauna. Sai ya miƙo mini dabino ya ce, "Araha ba ta ado, ɗana."

A wannan hanyar kuma na gane gari ɗaya yana iya amsa suna uku. Liège ita ce Luik ita ce Lüttich. Aachen a bakin Faransawa Aix-la-Chapelle ce. Tasharmu ma Bruxelles-Midi ce a sama, Brussel-Zuid a ƙasa, na daɗe ina zaton biyu ne.

Landan ban je ba sai bara. Daga Beljiyam zuwa Faransa ko Jamus ba ka ma sanin ka ƙetare iyaka sai wayarka ta yi ƙara, amma Birtaniya ba ta cikin Schengen, yankin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, katin zaman Beljiyam ba ya shigar da ɗan Nijar, sai da biza. Nan jirgin ƙasa ya koma kamar na sama: a saka kaya a na'ura, a duba fasfo sau biyu tun a Brussels, ƙofa ta rufe rabin awa kafin tashi. Ramin da ke ƙarƙashin teku, wanda aka buɗe a 1994, kilomita 50 ne. Na zaci zan ji wani abu. Minti ashirin ne na duhu, wata yarinya kusa da ni tana barci.

Matata za ta iso a watan gobe, ta Paris ita ma. Jiya Inna ta kira tana lissafa abin da aka haɗa mata, har da turmi ƙarami. Na ce, "Inna, ku sa ta ɗauki kayan duka ita kaɗai, ta zagaya tsakar gida sau biyu. Abin da ya faɗi ya zauna." Ta ce wannan wace irin rowa ce na koyo. Na yi shiru, na buɗe waya na yanki tikitin zuwa tarbarta, hannu biyu sun zama huɗu, turmin dai na san yana tafe.