Bangon da Tai Sui ya hana ni fasawa a Guangzhou

Ɗan uwa, idan za ka kama haya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, gidan zama ne ko ɗakin ajiye kaya, kada ka sa hannu a takarda sai ka tambayi mai gidan wane bango ne ba a taɓawa a bana. Ni babu wanda ya gaya mini, har yau kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A farkon 2024 na kama wani ɗaki a ƙasan bene kusa da unguwar Xiaobei. Ban kama shi ba sai don bangonsa ɗaya da ke kallon lungu, inda nake so in fasa ƙofa masu dako su riƙa sauke kwalaye kai tsaye kafin baje kolin Canton na watan Afrilu. Dillali ya ce ba komai. Na biya haya, na ajiye kuɗin jingina. Ranar da magina suka zo da guduma sai ga matar mai gidan, dattijuwa, tare da wani mutum riƙe da luopan, faifan nan nasu mai allurar nuna alƙibla. Ya auna, ya girgiza kai. Ta ce ko ƙusa ba za a buga a wannan bangon ba.

Tafinta ne ya warware mini. A lissafin feng shui, al'adar Sinawa ta tsara gini don neman sa'a, kowace daga cikin dabbobi 12 na shekarunsu tana da kusurwarta, kuma Tai Sui, wanda suke ɗauka shi ne mai mulkin shekara, yana zama ne a kusurwar dabbar da ke ci. 2024 shekarar Loong ce, dodon nan nasu, mazauninsa kudu maso gabas. Bangona ke nan. A wurinsu fasa shi ko haƙa a gindinsa tsokanar masifa ce ga gidan gaba ɗaya.

Na ce to, shekara kwana ce. Na ci gaba da biyan masu dako su zagayo da kaya ta ƙofar gaba, kowane kwali da ƙarin kuɗinsa, ina jiran sabuwar shekara. Da 2025 ta shigo na koma mata, ta ce a'a. Shekarar maciji ce, maciji kuwa maƙwabcin Loong ne a kan faifan, shi ma kudu maso gabas yake. Wannan shi ne ya fi ƙona mini rai. Da tun farko an ce mini shekara biyu ne, da na nemi wani ɗakin.

Ni Musulmi ne, na san babu mai cutarwa ko amfanarwa sai Allah, kuma na faɗa mata haka cikin ladabi. Amma gidan nata ne, tsoronta kuma na gaske ne, na gan shi a fuskarta. Gardama ba za ta buɗe ƙofa ba.

Ta kawo magungunansu. Akwai mutum-mutumin pixiu, wata dabbar tatsuniyarsu mai kama da zaki, da ake ajiyewa yana fuskantar Tai Sui, akwai tsofaffin kwabbai shida da aka ɗaure da jan zare. Na ce mata, Mama, nan nake salla, ba zan ajiye gunki ko laya ba. Ta fahimta nan take, ta mayar da su jaka. Abin da muka daidaita a kai mai sauƙi ne: ba fasa, ba huda, kantoci na ƙarfe masu tsayawa da ƙafarsu maimakon waɗanda ake kafewa a bango, teburina kuma ya ba wa bangon baya, don ba sa son a zauna ana fuskantarsa. Wannan bai taɓa addinina ba, na yi.

Duk gyaran da kake so, a rubuta shi a cikin yarjejeniyar haya, da bangon da ranar fara aiki, mai gidan da kansa ya sa hannu. Maganar dillali ba ta isa ba. Ka kuma sani masu wannan lissafi suna juya shekara ne wajen 4 ga Fabrairu, ba lallai ranar bikin sabuwar shekara ba. A 2026, shekarar doki, Tai Sui yana kudu sak, kuma suna guje wa taɓa arewa da ke fuskantarsa. Kada ka tsaya a tambayar bana kaɗai, ka tambayi ta baɗi.