Kujerar da na kai Katsina a cikin buhu

Wata Asabar cikin hunturu na bar Kano da sassafe, da buhu biyu a but ɗin mota. Kujera ce a wargaje: ƙafafunta uku na alminiyam a buhu ɗaya, mazauninta na itace da ya dare gida biyu a ɗayan. Muka bi ta Bichi da Tsanyawa, hazo ya rufe hanya har direba ya kunna fitila. A Kankiya muka ɗan tsaya fasinjoji suka sayi ƙosai. Tafiyar kusan kilomita 170 ce, hantsi ya ɗaga sosai muka shiga Katsina ta Ƙofar Ƙaura.

Ni kafinta ne, shekarata 12 ina buga kushin da gadajen amare. Amma na daɗe ina son in yi kujerar da in an ajiye ta a falo, baƙo zai tsaya ya kewaye ta da kallo kafin ya zauna. Na zana ta a kwamfuta, mazauninta mai zurfi kamar akushi, ƙafafunta a lanƙwashe kamar ƙahon sa. Aikin ƙafafun kuwa, masu zuba tukwane na kai wa. Su ne ke narka gwangwanayen lemo da tsofaffin kayan mota, su danna samfur cikin ƙasa mai laima, su kwarara narkakken alminiyam a gurbin da ya bari. Na haɗa itace da ƙarfe da noti, na ɗaure tamau. Duk damina tana nan lafiya. Iskar hunturu na kaɗawa, wani dare na ji ƙas! daga falo.

Wani abokina ne ya kwatanta mini wani tsohon masassaƙi a bayan gari, ta hanyar Daura. Na same shi a gindin darbejiya, turame da taɓare jere a gefensa, gizago a hannu.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu da zuwa, samari. Mi aka kawo mana?"

Na kwance buhunan. Ya sa babban yatsa cikin tsagar, ya kai itacen hancinsa ya shinshina, ya juya ƙafa ɗaya ya ƙwanƙwasa ta da ƙotar gizago. Ya daɗe bai ce komai ba.

"Ɗanyen icce aka sassaƙa maka, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, icce da damina kumbura yake, da rani ya tsuke. Ƙarfe babu ruwansa da wannan. Ka matse su wuri guda, ka hana iccen motsi. To ina zai bi in bai fashe ba?"

Wannan magana ita ta kawo ni Katsina, ko da yake ban san ita na zo nema ba. Zanen kwamfuta ya ba ni tsawo da faɗi har zuwa milimita, amma babu inda ya nuna mini abin da watan Janairu zai yi wa itace.

Ya ce a bar noti. A sassaƙa wa kowace ƙafa gurbi mai ɗan yalwa, a jiƙa ɗanyar fatar shanu, a yanka ta siri-siri a ɗaure da ita. Tana bushewa za ta tsuke ta kama, kamar fatar ganga, amma za ta bar wa itacen wurin motsi. Batun itace kuma ya ce ƙirya, wadda ake turmi da ita saboda taurinta. Ɗanya da ake akushi da ita ta fi sauƙin sassaƙa, amma ba za ta jure nauyin ƙato ba. Ya yi ƙorafin cewa ƙirya ta yi wuya yanzu, masu gawayi sun ci ƙarfinta. Abin ya taɓa ni, don ni ma sare ta na zo a yi.

Wuri ɗaya muka saɓa. Shi ƙafa huɗu yake so, ya ce kujera mai ƙafa uku ba ta yi masa kama da kujera ba. Na ce, "Baba, murhu duwatsu nawa ne?" Ya yi dariya ya ce uku. Abu mai ƙafa uku ba ya girgiɗi ko da daɓen ɗaki bai daidaita ba, don haka na tsaya a kan bakana, ya ƙyale ni. Shi kuma ya zaunar da ni a kujerar mata 'yar tsugunno da ya sassaƙa daga gungume ɗaya, ya ce in ji yadda bakinta ya kwanta, ba ya cin cinya. Na kujerata kaifi gare shi, don ido na yi shi. Nan ban yi gardama ba.

Washegari na shiga gari. Na tsaya a Hasumiyar Gobarau, sannan na wuce tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce. Ginin ƙasa ne, kuma shi ya tuna mini yadda maginan Hausa ke ɗaga bakan gizo, wato lanƙwasar da ke riƙe rufin soro: azarar giginya, wadda gara ba ta cika damu ba, ake jerawa a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa. Ɗaurin da Baba ya faɗa mini jiya, magina sun daɗe suna riƙe soraye da shi.

Kafin in kama hanya na biya wurin dukawa na sayi jar fatar akuya guda biyu, jimar bagaruwa, rinin karan dafi, don shimfiɗar mazauni. Na koma na bar wa Baba ƙafafun uku da kafin alƙalami. Akwai gungumen ƙirya da ya shekara biyu a rumfarsa, shi zai fafe, ya bar shi a inuwa ya ƙara shan iska. Ya ce kada in kira shi ina gaggawa, in dawo bayan wata uku.

Tsagaggen mazaunin na mayar buhu na taho da shi. Yana rataye a shagona yanzu, sama da teburin da nake yanka katako.