Yadda na je Yamai neman aikin koyar da Ingilishi

Wani abokina ɗan Tahoua da muka yi karatu tare a Sakkwato ne ya dame ni da waya, wai malam ka taho Yamai, kamfanoni na neman mai koya wa ma'aikatansu Ingilishi, balle yanzu da dokar Nijar ta 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ban yi wata-wata ba na haɗa takarduna na kama hanyar Illela. Na tsallaka Birnin Ƙonni, na canza naira zuwa sefa, gabana sai da ya faɗi da na ga ɗan abin da aka miƙo min. Daga nan bas, kilomita sama da 400, mu Dogon Dutsi mu Dosso, kowane shinge sai jandarma ya karɓi kati ya duba fuska, muka shiga Yamai ana kiran magariba.

Kwana 6 ina yawo da dosiye, wato fayil ɗin takarduna, a unguwar Plateau, buro zuwa buro, wato ofis-ofis, ko'ina mai gadi zai karɓa ya ce mushe (wato malam da Faransanci) za a kira ka. Wallahi ko ɗaya bai kira ba. A gindin bishiya wurin shan shayi aka haɗa ni da wani alhaji mai kamfanin dakon kaya, ko kallon takarduna bai yi ba, ya ce ɗana, yarana sun iya karanta Ingilishi, baki ne babu, in abokan hulɗarmu na Gana suka bugo sai kowa ya tura wa ɗan uwansa wayar.

Ashe gaskiya ya faɗa. Akantansa, dattijo mai furfura, zai karanta maka imel tsaf ya gane, amma waya na ƙara sai gumi ya karyo masa. Na ajiye littafin nahawun da na ɗauko tun daga gida, muka koma kan rasit da farashi da ranar isowar mota, ni ina bayani da Hausa tunda Faransancina bai wuce gaisuwa ba, waɗanda Zabarmanci ya fi ƙarfi a bakinsu ƴan uwa na fassara musu.

A sati na 3 dattijon nan ya ɗaga waya da kansa, ya yi ciniki har ƙarshe murya na rawa, da ya ajiye ya kamo hannuna da hannu biyu ya ce malam Allah ya biya, ya aika yaro ya sayo mana dambu da zogale.