Na je Turai kallon laka da ƙanƙara

Tun a filin jirgin da muka fara sauka a Turai na gane bayanin wannan tafiya zai ba ni aiki. Jami'in shige da fice ya juya fasfona gaba da baya, ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce bita ce a kan tokar duwatsu masu aman wuta da ake tonowa daga ƙasan teku da cikin ƙanƙara. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce wai a Najeriya muna da ƙanƙara ne? Takardar gayyatar da na miƙa masa ko buɗe ta bai yi ba. Ya tsayar da ni a gefe har layi ya ƙare, sannan ya buga hatimi ya turo min fasfon da ɗan yatsa. Da a Katsina yaro sa'an ƙanina ya yi wa baƙo haka, kafin la'asar maganar ta isa gidansu.

Biremen, a arewacin Jamus, ita ce zangon farko. Ranar Juma'a a masallaci wani dattijo mutumin Maraɗi, mai shagon kayan abincin Afirka, ya ji ina waya da Hausa.

"Malam, daga ina?"

"Daga Katsina, Alhaji."

"To ai ɗan gida ne kai. Me kake yi a otal? Kwaso kayanka."

Ban kwaso ba, don masu gayyata sun riga sun biya, amma daga ranar ban sake sayen abincin dare ba. Tuwo da miyar kuka har da daddawa, a tsakiyar Jamus! Ya rage min asara ba kaɗan ba, domin kuɗin shayi da ɗan burodi a can, in ka juya su zuwa naira, sai su ciyar da gida guda wuni ɗaya a Ƙofar Sauri. Shi ya koya min kada in jefar da robar ruwa, a mayar da ita kanti a karɓi santi 25. Shi kuma ya kai ni kasuwar gwanjo ranar Lahadi da ya ji za mu shiga ɗakunan sanyi. Wata tsohuwa ta sa wa jibgegiyar rigar sanyi Yuro 30. Ni da na ɗauka Bature ba ya ciniki har na sa hannu a aljihu, Alhaji ya riƙe ni, ya tuna mata lokacin zafi ake ciki, wa zai saya? A Yuro 12 ta sallama, tana dariya.

Abin da ya kai mu shi ne rumbun lakar teku da ke cibiyar MARUM ta Jami'ar Biremen. Jiragen bincike ne ke zura bututu cikin ƙasan teku su zaro laka sanda-sanda, a yayyanka ta mita ɗaya da rabi, a tsaga kowane yanki biyu: rabi na aiki, rabi na ajiya da ba a cika taɓawa ba. In aka jera abin da ke rumbun ya haura kilomita 150, wato kusan tafiyar Katsina zuwa Kano, yawanci daga tekun Atilantika da na Aktik, kuma ɗakin ba ya wuce digiri 4 dare da rana. Na tsaya ina kallon kantoci har rufi, ina tuna maganin rigakafin da ke lalacewa a wurarenmu saboda ɗauke wuta. Laka fa!

Amma da aka buɗe mana sanda ɗaya daga arewacin Atilantika sai na yi shiru. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ana haƙa ya san ƙasa hawa-hawa take: jar ƙasa, marmara, yashi, kuma na ƙasa ya girmi na sama. Haka lakar teku take, sai dai a hankali take taruwa, a wurare da yawa 'yan santimita kaɗan a shekara 1,000. Matsalar ita ce sanin shekarun kowane hawa. Nan toka take shigowa. Dutse in ya yi aman wuta, tokarsa takan sauka cikin kwanaki ko makonni a teku, da tafki, da kan ƙanƙara, duk a lokaci guda. Kuma ba irin tokar murhu ba ce, ɓurɓushin gilashi ne, kowane dutse da irin haɗin sinadaransa. In ka gane ta a wurare uku, ka san hawa ukun nan sa'o'in juna ne.

Wadda malamar da ke koyar da mu ta fi ji da ita ita ce tokar Vedde, da dutsen Katla na Aislan ya watsa kimanin shekara 12,100 da suka wuce. An same ta a tafkunan Nowe, inda ta samo sunanta, an same ta a ƙasan teku, an kuma same ta a ƙanƙarar Girinlan. A hawan da ke samanta akwai wata toka, ta Saksunarvatn, mai kimanin shekara 10,300. Da irin waɗannan aka auna kuskuren da ke cikin gwajin kabon, wato gwajin da ake gano shekarun tsofaffin abubuwa da shi, domin bawon 'yan halittun teku yakan nuna ya girmi ainihin shekarunsa da ɗaruruwan shekaru, saboda tsohon kabon da ke cikin ruwan.

Ba ta ɓoye mana cikas ɗin aikin ba. Tsutsotsin ƙasan teku suna dama laka, su hau da toka ko su sauko da ita. Wani lokaci kuma tokar kan ƙanƙara take sauka, sai bayan shekaru ƙanƙarar ta ɓalle ta yi yawo a teku ta narke, sannan ta zubar da ita a makare. Yawancinta ma ido ba ya gani. Mun wuni muna wankewa, muna tacewa da rariya mai ƙananan idanu, muna ƙirga ƙwayoyi ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma har idona ya yi ja. Haƙurinsu ya burge ni. Gaisuwarsu ce dai ba ta burge ni ba: mutum ya shigo ofis ya ce kalma ɗaya ya zauna, ba ina kwana ba ina gajiya. Amma in an ce ƙarfe 9, to 9 ɗin ce.

Daga nan jirgin ƙasa ya kai mu Kofanhegan ta Danmak, inda tsadar ta sa na riƙa yi wa Jamus addu'a. A can masu binciken Cibiyar Niels Bohr suke ajiye sandunan ƙanƙara, cikin sanyin da ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Rigar gwanjo ta yi ranarta, amma gashin hancina sai da ya daskare. Ƙanƙarar Girinlan dusar kowace shekara ce ta danne ta bara, don haka ana ƙirga shekarunta hawa-hawa. Ramin da aka haƙa a ƙanƙarar can, mai suna NGRIP, wanda ya kai ga dutse a 2003, zurfinsa mita 3,085 ne, ya ƙunshi shekara kusan 123,000. Na Dome C a Antatika ya kai 800,000.

A ƙanƙara, ban da ƙwayoyin toka, akwai tsamin farar wuta da aman ke bari. In an gan shi a Girinlan da Antatika a shekara guda, alama ce dutsen yana yankin tsakiyar duniya. Haka Tambora na Indonesiya ya yi a 1815, shekara biyu kafin rasuwar Shehu Usmanu, har Turai ta ga 1816 ba lokacin zafi. Akwai wata babbar alama ta wajen 1257 da aka daɗe ana neman mai ita, sai a 2013 aka tabbatar dutsen Samalas ne a tsibirin Lombok.

Inda abin ya taɓa ni shi ne 1912. A watan Yunin shekarar, Sarki Dikko yana kan gadon Katsina, dutsen Novarupta da ke kusa da Katmai ya fashe a Alaska, kuma an tsinci tokarsa a ƙanƙarar Girinlan. Shekarar da ta biyo baya damina ta ƙi a ƙasar Hausa, aka shiga yunwar da kakanninmu ke kira Kakalaba. Akwai masana da ke ganin ba haɗuwa ce kawai ba: hayaƙin manyan amai na arewacin duniya yana sanyaya wannan ɓangaren, sai ruwan damina ya ja baya zuwa kudu. Suna kawo misalin El Chichón na Meziko a 1982 da farin 1983 zuwa 1984, da kuma Laki na Aislan a 1783, wanda bayansa Kogin Nilu ya gaza cika, yunwa ta afka wa Masar. Ba su ce dutse kaɗai ke kawo fari ba. Amma ni da nake koyar da labarin ƙasa a garin da gero ke jiran ruwan Yuni, wannan ya isa ya amsa wa jami'in filin jirgin nan tambayarsa.

Aislan a gurguje muka yi ta. Ruwan zafin famfo yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, rana ba ta faɗuwa sai wajen tsakar dare, lissafin magariba da isha ya zama abin tambayar malamai. A gefen hanya aka kankare mana gaɓar ƙasa muka ga layukan toka fari da baƙi da idonmu, har da farin layin aman dutsen Hekla na 1104. Mutumin ƙasar, Sigurdur Thorarinsson, shi ya kafa wannan fanni na gano shekaru da toka a 1944. Farashin miya kwano ɗaya ba zan faɗa ba, kada a ce ƙari na yi.

Da na dawo na tarar gero ya kai gwiwa a hanyar Kano. Makon nan na je wurin wani mai haƙar burtsatse a Batagarawa, na roƙe shi ya riƙa ɗebar min ƙasar kowace mita a leda, ya rubuta zurfin, maimakon a watsar. Ya ce, "Malam, ba matsala. Amma wa zai sayi ledar?"