Waye ke cinye abincin tattabarunka?

Mai kiwon tattabaru ko kaji ko zabbi a Sakkwato da ya ga gero na raguwa a kasko, maganar da ke fara fitowa bakinsa ita ce kusu ne, a nemo guba. Sau da yawa kuwa mai laifin daban, wanda gubar za ta kashe daban. Kafin ka sa komai, san baƙon tukuna.

Hanya mafi sauƙi ita ce toka. Bayan magariba ka share gefen akurki, ka tankaɗe toka ka barbaɗa ta kewayen kaskon, faɗin kamu ɗaya. Ka duba da asuba tun kaji ba su fito sun tattake ba. Lokacin hunturu iska na share sawun, don haka ka zaɓi jikin katanga. Ɓera yana barin yatsu 4 a ƙafar gaba, 5 a ta baya, da layin jan wutsiya a tsakani. Jaɓa yatsunta 5 ne gaba da baya. Bushiya sawunta ya fi faɗi, yatsu 4 a baya, kuma ba jan wutsiya.

Kashi ma shaida ne. Na ƙaramin ɓeran ɗaka bai wuce milimita 6 ba, kamar ƙwayar shinkafa. Na babban ɓera mai hawa rufi yana kai milimita 12, kuma a sama za ka same shi, kan katakon ɗakin tattabaru. Wannan shi ne mai shan ƙwai da cin 'yan shila. Kashin bushiya baƙi ne, in ka fasa shi da tsinke za ka ga ɓawon ƙwari na ƙyalli.

Jaɓa ce aka fi zalunta. Bakinta dogo mai tsini, idanunta ƙanana, ga wari, ga tsuwa in tana bin gindin bango, wani lokaci 'ya'yanta na biye da ita a jere kowa ya cije na gabansa. Hatsi ba shi ne abincinta ba. Kyankyasai da gyare da suka taru kan dusar da ta jiƙe su ne suka kawo ta. Bushiya ma ƙwari take nema, an fi ganinta da damina, ko da yake in ta tarar da ƙwai a ƙasa ba ta ƙyale shi. Ɗaga wurin kwancin kaza daga ƙasa ya wadatar.

Gafiya kuwa ba ta ɓoyuwa. Nauyinta na wuce kilo 1, rabin wutsiyarta na ƙarshe fari ne, kuma kumatunta jaka ne da take cikawa ta kai rami. Shi ya sa in kasko ya wayi gari fes, ba ɓawo ba ɓarbashi, ita ce. Ƙananan ɓeraye a wurin suke gurgura su bar saura.  Da rana tsaka kuma, musamman a unguwannin bakin gari wajen Wamakko ko Kwalkwalawa, mai farin layi a haƙarƙari da wutsiya buzu-buzu da ke miƙewa kan ƙafafun baya kurege ne. Gidajen da ke kusa da fadamar Rima suna ganin wani ɓeran ciyawa mai gajeren wutsiya, shi ma da rana yake yawo.

Wanda ya fi cancanta a yi hattara da shi bai da wata alama mai jan ido: matsakaicin ɓera mai laushin gashi, macen na da nonuwa da yawa jere a ciki. Shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno. Wuya ne a bambance shi da ido, don haka kowane kashin ɓera kada a share shi a bushe. A haɗa bilic (ruwan wanke fararen kaya) kashi 1 da ruwa kashi 9, a yayyafa, a jira minti 5, sannan a kwashe da leda a hannu.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari: abincin da ke kwana a ƙasa shi ke kiransu. Ka zuba abin da tsuntsaye za su cinye cikin minti 20, ka ɗauke kasko da ruwa kafin magariba, hatsin kuma ya koma durom mai murfi, don buhu ba ya tare haƙori. Ragar waya ta kaji ba ta hana ƙaramin ɓera, ramin da fensir zai shiga ya ishe shi, sai raga mai ido milimita 6. Guba a tsakar gida kaji ke fara tsinta, mussa kuma ta ci gawar ta bi. Tarko ya fi, a ɗana shi jikin bango da ƙuliƙuli, a kifa kwando mai ƙofa a kai don kada kaza ta sa baki.