Asabar a Yamai, da gardamar faifan Daft Punk

Yau tun da safe na kai baful ɗina gyara Katako, ya kwana biyu yana shaƙewa in an ƙara murya. Zafin Afrilu ya riga ya sauka tun ƙarfe tara. Mai gyaran ya buɗe, ya liƙe wata waya da ta saki, ya ce kawo memori mu gwada, abin da ya fara fitowa kuwa shi ne Random Access Memories na Daft Punk, faifan da na manta ma yana ciki. Jitar nan ta Nile Rodgers na tashi sai yaron shagon da ke kwance talabijin ya fara kaɗa kai bai ma sani ba. Na biya na hau kabu-kabu na dawo gida, kuran ya ɗauke, na kwanta gindin darbejiya na saurari faifan daga farko har ƙarshe, abin da na daɗe ban yi wa wani faifai ba.

Bayan la'asar na tafi da shi fadarmu ta Wadata, kuma a nan gardama ta tashi. Abokina da ya yi karatu a Faransa har yau bai huce ba, wai da wannan faifan Daft Punk sun ci amanar masu son su. Shi Daft Punk ɗin da ya sani su ne na Homework a 1997 da Discovery a 2001, samari biyu 'yan Paris, Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo, da na'urori da kwalkwalin mutum-mutumi a ka, kiɗa mai duka a ƙirji. Ya ce ka jira mutane shekara takwas tun faifansu na 2005, sannan a 2013 su kawo maka disko irin na iyayenmu? Ba shi kaɗai ba ne kam, lokacin da ya fito da yawa daga masu zuwa gidan rawa haka suka ce, ya yi sanyi, ya yi tsawo, ba na rawa ba ne. Amma kuma shi ne ya hau lamba ɗaya a Amurka, a Grammy ta 2014 suka kwashi kyauta biyar har da ta faifan shekara.

Ni dai kyautar ba ita ta dame ni ba. Na ce masa aboki tsaya, na sa masa waƙar cikin faifan da Giorgio Moroder, mai haɗa kiɗan disko ɗan Italiya, ke ba da labarin rayuwarsa, minti tara ce, dattijo ne lokacin ya haura saba'in, yana magana a hankali yadda ya fara da yadda ya kama na'urar sintetiza, can wajen ƙarshe sai ganga ta ɓarke, kuma hannun mutum ne, Omar Hakim, kana jin inda ya ɗan matsa da inda ya saki, kana jin ƙarfen faifan gangar na rawa bayan an doke shi. Mutanen da suka fi kowa sanin na'ura, suka shekara ashirin a kanta, da suka manyanta sai suka ɗauki kuɗinsu suka kira makaɗa na gaske, har da John Robinson wanda ya yi wa Michael Jackson ganga. Wannan abin yana taɓa ni sosai wallahi. Bayan shi ba su ƙara fitar da sabon faifai ba, a Fabrairun 2021 suka sanar sun rabu.

Wani dattijo da ke zama da mu, tsohon ma'aikacin rediyo ne, yana dama shayi yana jinmu, sai ya ce yara ku kuna ta Faransa Faransa, kun manta da Mamman Sani? Kowa ya yi shiru. Gaskiya ce, mu da muka tashi da Télé Sahel mun sha jin organ ɗinsa tsakanin shirye-shirye ba mu san sunan mai shi ba. A 1978 ya naɗi kaset ɗinsa a gidan rediyon ƙasa, waƙoƙin gargajiyarmu a kan organ, kuma a 2013 ɗin nan dai, shekarar faifan da muke gardama a kai, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi har Turawa suka fara nemansa. Na ce Baba ka yi gaskiya, na nemo a waya na sa, aka sha shayi na biyu da shi.

Dab da magariba ɗan yayata ya iso da ordinatarsa a jaka, wai Kawu ji sabon kiɗan da na haɗa. Yaron na da kunne, ba na raina masa, amma kalangu na'ura, gurumi na'ura, muryar ma ya matse ta da otocun har ba ka gane shi, alhali a layinsu na Bukoki akwai makaɗin kalangu da in ba biki ba zaune yake wuni guda. Na mayar masa da gangar Omar Hakim, ya ce a sake, aka sake. Abokina dai bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya ce shi a bar shi da Discovery, na ce an bar ka.

Bayan isha'i muka bi ta gidan makaɗin ni da yaron. Ya yarda zai zo Laraba bayan la'asar ya buga a kan waƙa ɗaya, jika biyar, na ce ni zan biya. Saura makirfo, na yaron ba ya ɗaukar ƙaramin sauti, gobe zan tambayi Baba ko yana da wanda zai ara mana.